Kafin ka miƙa wa ɗan'uwanka tsohuwar wayarka

A gidajenmu waya ba ta cika tsufa a hannun mutum ɗaya ba. Yaya ya sayi sabuwa, tsohuwar ta sauka hannun ƙaninsa. Ƙanin ya samu wata, ya miƙa wa Inna. Daga Inna ta gangara wurin jikan da ke karanta mata saƙo. Al'ada ce mai kyau, kuma da irin tsadar da waya ta yi a 'yan shekarun nan babu dalilin da zai sa a bar Tecno ko Samsung mai aiki tana kwana a durowa. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen miƙawar. Yawancinmu mukan zare layi, mu goge 'yan hotuna, mu ce "ga ta nan, Allah Ya sa albarka." Wasu kuma gaggawa ce ke cin su: su goge komai nan take, sai bayan kwana biyu su farga cewa lambobin abokan cinikinsu sun tafi, ko kuma wayar ta kulle kanta ta ƙi buɗuwa ga kowa.

Duka biyun ana iya kauce musu ba tare da an je wurin mai gyara ba, muddin an bi aikin daki-daki. Ka fara kwashe abin da yake naka, ka fitar da sunanka daga wayar, sannan a goge, sannan wanda aka ba ya shiga da nasa sunan. Kamar tashi daga gidan haya ne: wanda ya share ɗaki kafin ya kwashe kayansa ya yi asara, wanda kuma ya tafi da makulli a aljihu ya bar sabon mai ɗaki a tsakar gida.

Wani zai ce, "Ai ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, me zan ɓoye masa?" Ni a ganina wannan tambayar ba ta kama hanya ba, domin sirrin da ke cikin wayarka ba naka ne kai kaɗai ba. Akwai saƙon matarka. Akwai hoton da 'yar'uwarka ta turo daga cikin gida ba mayafi. Akwai muryar abokin da ya ranci kuɗi ya roƙe ka kada kowa ya ji, da takardar sakamakon asibiti ta wani. Waɗannan duk amana ce aka ba ka, ba a ba ƙaninka ba. Ga kuma hoton katin NIN, da na katin ATM gaba da baya, da lambar BVN da ka rubuta a wurin ajiye bayanai don kada ka manta. Ko da ƙanin naka ba zai taɓa leƙawa ba, wayar ba a ɗakinsa za ta zauna ba. Za ta kwana a shagon mai caji, za ta je wurin mai gyaran sikirin, ana iya ƙwace ta a hanya, wata rana ma ya sayar da ita.

Sannan shi ma yana da haƙƙi. Idan asusunka na Google ya ci gaba da zama a wayar, hotunan da ya ɗauka za su iya hawa ma'ajiyarka ka riƙa ganinsu, lambobinsa su cakuɗu da naka, in ya goge lambar wani da bai sani ba ta ɓace daga sabuwar wayarka ma. Har inda yake za ka iya gani a taswira. Wanda aka ba kyauta a irin wannan hali bai mallaki wayar ba tukuna.

To, a fara da kwashe kaya, kuma lambobin mutane ne kan gaba. Waya na ajiye lamba a wuri uku: a kan layi, a cikin wayar kanta, ko a asusun Google. Wadda ke kan layi za ta bi layin, wadda ke asusun Google za ta bayyana a duk wayar da ka shiga da imel ɗinka, amma wadda ke cikin wayar kaɗai gogewa za ta yi. A manhajar lambobi akwai wurin da ake mayar da su duka zuwa Google. Bayan ka yi, kada ka ɗauka an gama. Buɗe sabuwar wayar ka nemi sunan wani da ka ajiye kwanan nan, da na wani da ka ajiye tun tuni. In ka same su, to aiki ya yi.

Hotuna da bidiyo su ne masu nauyi. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci. Masu iPhone kuwa gigabait 5 kacal iCloud ke ba su. Ga tsadar data. Don haka ga mafi yawanmu ya fi sauƙi a tura su kai tsaye zuwa sabuwar wayar ta Xender ko Quick Share, ko a jona da kwamfuta a kwafe, ko a zuba a memori. A nan akwai tarkon da ya cinye mutane da yawa: idan wayarka na ɗora hotuna a Google Photos ko iCloud, ka zauna kana goge su ɗaya-ɗaya da hannu alhali asusunka na ciki, to har na ma'ajiyar kake gogewa. Kada ka goge komai da hannu. Bari gogewar ƙarshe ta yi aikin, bayan ka riga ka fitar da asusunka.

WhatsApp na da nasa tsarin. Hirarrakinka ba a wurin kamfanin suke ba, a wayarka suke. A setin ɗinsa, ƙarƙashin "Chats", akwai "Chat backup", wanda ke ɗora su a Google Drive ko iCloud, kuma ba za su dawo ba sai da lambar da aka yi ajiyar da ita da kuma asusun da aka yi ta a ciki. Daga farkon 2024 wannan ajiya ta fara cin nata rabon a cikin gigabait 15 ɗin nan, shi ya sa ta wasu ke tsayawa ba su sani ba. Duba ranar da aka yi ta ƙarshe. Idan wayoyin biyu na hannunka kuma jinsinsu ɗaya, akwai hanyar da ta fi: "Transfer chats", inda sabuwar za ta nuna hoton lambar QR, tsohuwar ta ɗauka, hirarrakin su tsallaka kai tsaye. Wanda zai koma iPhone daga Android sai ya bi ta manhajar Move to iOS, kuma a lokacin da ake fara saita iPhone ɗin ake yi. Ka kuma tabbatar kana tune da lambar sirri mai lamba shida, in ka taɓa sa wa WhatsApp ɗinka, domin wanda ya manta ta kuma bai haɗa da imel ba sai ya jira kwana bakwai.

Ƙananan abubuwa su aka fi mantawa: jerin bashin da ɗan kasuwa ya rubuta a wurin ajiye bayanai, karatun malamai da aka naɗa, saƙonnin tes masu ɗauke da shaidar biyan kuɗi. Haka Facebook da TikTok. Mutum ya yi shekaru a ciki bai taɓa fita ba, ya manta kalmar sirri, layin da ya buɗe da shi kuma ya ɓata tuntuni. Manhajojin banki ma da yawa suna ɗaure asusu ga waya ɗaya. Ƙa'idar a nan guda ce: duk abin da kake so ya ci gaba da aiki, ka shiga cikinsa a sabuwar wayar tun tsohuwar na raye.

Yanzu ga wurin da aka fi yin kuka. A 2015, da fitowar Android 5.1, Google ya sa wa wayoyi wani makulli don hana ɓarayi morar abin da suka sata, masu gyara na kiransa FRP. Ga yadda yake aiki: idan aka goge waya alhali akwai asusun Google a cikinta, musamman in ta hanyar danne maɓallin kunnawa da na ƙara sauti aka bi, to da ta tashi za ta nemi imel da kalmar sirrin mai ita na baya. In ba a kawo ba, ba ta wucewa daga wannan shafin.

Abin kan faru haka. An aiko wa Hajiya waya daga Abuja, da zanen makullin ɗanta a kai. Jikanta mai wayo ya ce ya san yadda ake yi, ya danne maɓallai biyu, baƙin shafi ya fito da ƙananan rubutu, ya zaɓi gogewa. Waya ta tashi fes, ta yi maraba, ta nemi intanet, sai ta tsaya cak. A kira Abuja: "Kawu, wayar tana neman imel ɗinka." Kawu ya yi shiru. Imel ɗin wani yaro ne ya buɗe masa a shago ranar da ya sayi wayar, ya rubuta kalmar sirrin a bayan rasit, rasit ɗin kuwa Allah kaɗai Ya san inda yake. Wannan ba baƙon labari ba ne a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko wata makamanciyarta. Akwai masu buɗe irin wannan makulli da kuɗi, amma kowace sabuwar Android ƙara toshe hanyoyin take yi, kuma ba ka san abin da aka ɗora wa wayar ba kafin ta buɗu.

Maganin ba shi da wuya in an yi shi a kan lokaci. Kafin gogewa, shiga setin, nemi wurin asusu, wanda a yawancin wayoyi aka rubuta "Accounts" ko "Passwords & accounts", taɓa imel ɗinka, ka zaɓi "Remove account". In imel ya fi ɗaya, cire su duka. Masu Samsung su fita daga asusun Samsung, masu Redmi su fita daga na Xiaomi, domin kowannensu na da nasa makullin. Sannan ka cire zane ko lambar makullin sikirin.

In kuwa kai ma ba ka san kalmar sirrin imel ɗinka ba, dakata, kada ka cire komai tukuna. Wannan tsohuwar wayar ita ce babbar shaidarka a wurin Google cewa asusun naka ne, kuma daga cikinta ya fi sauƙi a canza kalmar sirri a sa lambarka ta yanzu a matsayin hanyar dawo da asusu. Idan ka canza, Google ya ba da shawarar a jira awa 24 kafin a goge wayar. Ka rubuta sabuwar a takarda ka ajiye tare da takardunka masu muhimmanci.

Makullin iPhone ya girmi na Android, tun 2013 ya zo da iOS 7, kuma ya fi shi tsauri: iPhone ɗin da aka bari da iCloud na wani, in mai shi bai samu ba, sau da yawa sai dai a sayar da sassanta. A setin, taɓa sunanka da ke can sama, gangara ƙasa zuwa "Sign Out", ka sa kalmar sirrin Apple. Wannan ne ke kashe "Find My". Yi shi a gida, domin sababbin iPhone na da kariyar da kan sa a jira awa ɗaya in ana son yin irin wannan canji a wurin da wayar ba ta saba da shi ba. In Android za ka koma, kashe iMessage kafin ka fita, don kada saƙonnin masu iPhone su riƙa ɓacewa a hanya. Wanda ya riga ya aika da wayar gari mai nisa bai makara ba: zai iya shiga iCloud ta kwamfuta, ya goge ta daga nesa, ya cire ta daga jerin na'urorinsa.

Layi kuwa shawarata ita ce kada ya bi waya. Tun Disambar 2020 da hukumar NCC ta umarci a haɗa kowane layi da NIN, layin da ke hannunka sunanka ne a idon hukuma, duk abin da aka aikata da shi kai za a fara nema. Ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa, ta kansa ake tura kuɗi da lambobin USSD ko babu intanet. A Nijar da Ghana ma haka abin yake, inda kuɗin Airtel Money ko MoMo ke zaune a kan lambar kanta. A bar ɗan'uwa ya yi rajistar nasa. In dole ne ka bar masa layin, je banki tukuna ka canza lambar da ke kan asusunka, ka kuma mayar da WhatsApp ɗinka kan sabuwar lamba ta "Change number". Wasu wayoyin na da layin da ba a zarewa, eSIM, kuma iPhone 14 zuwa sama da aka ƙera don kasuwar Amurka ba su da ramin sa layi kwata-kwata. Lokacin gogewa wayar za ta tambaya ko a goge eSIM ɗin. Ka mayar da layinka sabuwar waya tukuna, sannan ka amsa da e.

Memori ma a zare shi. Gogewar waya ba lallai ta taɓa shi ba, kuma abin da aka goge a kan memori ana iya tono shi da manhajoji masu sauƙin samu. In kana son ka haɗa masa da memori, sabo ya fi.

Wannan ya kawo tambayar da ta dace a yi: shin in an goge, ya gogu? A da amsar ba ta da daɗi. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android 20 a kasuwar eBay, waɗanda masu su suka ce sun goge, ya tono hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. A 2015 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge a Ingila, Laurent Simon da Ross Anderson, sun gwada wayoyi 21 masu Android 2.3 zuwa 4.3, suka gano cewa gogewar kan bar saura, har da abin da zai iya buɗe asusun Google na mai wayar. Dalili shi ne tsohuwar gogewa sunan fayil kawai take cirewa daga lissafi, shi fayil ɗin yana nan kwance har sai wani ya hau kansa.

Yau lamarin ya canza. Wayoyin zamani na rikitar da duk abin da aka ajiye a cikinsu ta yadda ba ya karantuwa sai da wani mabuɗi na lissafi, kuma gogewa wannan mabuɗin take lalatawa, sai abin da ya rage ya zama tarkacen da ba shi da ma'ana. iPhone na da wannan tun 2009. A Android an fara wajabta shi daga 6.0, ko da yake an ɗaga wa ƙananan wayoyi masu rauni ƙafa, sannan ya zama dole ga duk wayar da ta fito da Android 10 zuwa sama. In taka ta girmi haka, nemi "Encrypt phone" a ɓangaren tsaro ka kunna kafin gogewa. In babu, bayan ka goge ka cika ta da bidiyon da ba shi da amfani har ta cika maƙil, ka sake gogewa.

Ita gogewar kanta ba ta da wani tsawo. Caji ya kai kashi 70 cikin ɗari, ko a bar ta a jone, don kada ta mutu a tsakiyar aiki. A Tecno da Infinix da Itel galibi hanyar na ƙarƙashin "System", sai "Reset options", sai "Erase all data". A Samsung "General management" ne, sai "Reset", sai "Factory data reset". A iPhone "General", sai "Transfer or Reset iPhone", sai "Erase All Content and Settings". Rubutun kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma in ka rubuta "reset" a wurin bincike na setin zai kai ka. Kula kada ka zaɓi wanda ke mayar da setin kaɗai, shi ba ya goge komai. Da ta tashi, jona ta da intanet ka ɗan wuce shafukan farko don ka tabbatar ba ta neman tsohon asusu, tun tana hannunka. Wayar da aka saya da biyan kaɗan-kaɗan kuwa, makullin kamfanin bashi ba ya fita da gogewa. A gama biya kafin a yi kyauta da ita.

Ya kamata kuma mutum ya dubi abin da zai bayar da idon gaskiya. Batirin da ya kumbura har ya ɗago bayan waya ko sikirin haɗari ne, yana iya kama wuta, balle a zafin bazara. A canza shi ko a fasa kyautar. Wayar da ta tsufa ƙwarai manhajoji kan daina hawa kanta: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android ɗin da bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone ɗin da ba ta iya ɗaukar iOS 15.1. Wadda ta daina samun gyaran tsaro daga kamfaninta za ta yi kira da sauraron karatu lafiya lau, amma ban so a ɗora mata manhajar banki. Faɗa masa aibinta, ka haɗa masa da kwali da rasit in suna nan. Danna *#06# lambar IMEI mai lamba 15 ta fito, ku rubuta ku ajiye, ita ake tambaya ranar da waya ta ɓata.

Saura shigar sabon mai ita, kuma a nan ne na fi son a ba da lokaci. Ya buɗe imel nasa, da lambarsa, da kalmar sirrin da ya sani. In Baba ne ko Inna, zauna kusa da su ka yi a gabansu. Ƙara girman rubutu, ɗaga ƙarar kira, sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa ta yadda ko ba a iya karatun boko ba za a gane mai kira. Nuna yadda ake danne alamar makirufo a yi magana a saki, ka bari su gwada da hannunsu har ya zauna. Sannan ka faɗa da baki: "Inna, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, yana son lambar da aka turo miki ko ta katinki, ki kashe ki kira ni." Masu damfara sun san dattijo mai sabuwar waya, kuma wannan jimla ɗaya ta fi duk wani setin amfani.

In yaro ne, kada ka sa masa asusunka don sauƙi. Google na da Family Link, wanda ke ba iyaye damar buɗe wa ɗan ƙasa da shekara 13 asusu nasa, su ƙayyade awannin da zai yi da manhajojin da zai sauke. A iPhone Screen Time ke wannan aikin. A yi shi a fili, yaron ya san an sa. Babba mai hankalin kansa kuwa, ƙanwa ce ko mata, barin asusunka a wayar don ka riƙa bibiyarta a ɓoye leƙen asiri ne, kuma ranar da ta gano, abin da zai lalace ya fi waya tsada.

Aiki na ƙarshe a sabuwar wayarka ake yin sa. Shiga asusunka na Google, ɓangaren tsaro, ka duba jerin na'urorin da ke ciki. In tsohuwar na nan, fitar da ita. Yi haka a Facebook, ka kuma leƙa "Linked devices" a WhatsApp ka cire duk wadda ba ka gane ba.